Idan sikeli ya tsaya cak: a yi awo kafin a yi yanka

Ni tela ce. Shekara goma sha tara ke nan ina zaune a gaban keke a nan Jos, kuma abu na farko da nake koya wa duk yarinyar da aka kawo mini koyon ɗinki shi ne kada ta ɗauki almakashi sai ta maimaita awo, domin atamfar da aka yanka ba ta komawa. Amma da nauyina ya tsaya a kilo 87 har mako tara ya ƙi motsi, sai na manta da wannan karatu. Na kama yanke abinci ba awo. Yau in bar karin kumallo, gobe in ce ba ni ba tuwo, jibi da daddare yunwa ta tashe ni in cinye ragowar taliyar yara. Na sha wuya a banza, shi ya sa nake son in faɗa miki yadda na fita, ko Allah zai sa ki huta da wahalar da na sha. Da mata nake magana don su na fi sani, amma kusan duk abin da zan faɗa ya shafi maza.

Na fara rage ƙiba bayan Babbar Sallah ina da kilo 96. An auna ni a asibiti aka ce jinina ya fara hawa, ga gwiwar dama tana yi mini ciwo duk lokacin da na taso daga sujada. Na bar lemon kwalba, na rage tuwon dare, na koma takawa da ƙafa daga gidanmu a Anguwan Rogo zuwa shago kusa da Babban Masallacin Juma'a. Cikin wata biyar kilo tara ya tafi. Da Disamba ta shigo da sanyinta, sai komai ya tsaya.

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce. Ranar da na kai mata kukana ina cewa ko dai jikina ya lalace ne, sai ta ce, "Yaya, ba abin da ya lalace. Jikin da kike ciyarwa yanzu ba shi ne na watan Yuli ba." Ta ce a wurin aikinsu sunan jiharmu ma suke kiran wannan tsayuwa da shi, filato, wato shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ake tararwa bayan an gama hawa, kamar yadda mota ke samun miƙaƙƙiyar hanya idan ta ƙare Hawan Kibo. Kusan duk mai rage ƙiba yana isa wurin, galibi wajen wata na shida.

Dalilin ba boyayye ba ne. Motar da aka sauke wa kaya ba ta shan man da take sha da lodi. Haka jiki: da ya ragu, abin da yake ƙonawa a rana ya ragu, sai abincin da a da yake sa ki ramewa ya zama daidai abin da zai riƙe ki a inda kike. Akwai kuma abin da ya fi wannan ƙarfi. Wani bincike da aka fitar a Amurka a 2016, wanda Kevin Hall na cikin waɗanda suka yi shi, ya nuna cewa duk kilo ɗaya da mutum ya sauke, abin da jikinsa ke ƙonawa yana raguwa da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 20 zuwa 30 a rana, amma sha'awar cinsa tana ƙaruwa da kusan kalori 100. Ki lissafa da kilo tara nawa. Jikina ya rage ƙonawa da kalori ɗari biyu da wani abu, cikina kuma yana neman ƙarin kusan ɗari tara. Ba rashin zuciya ba ne ya sa hannunki yake ƙara zurfi a kwano. Jiki ne yake neman abinsa ya dawo, kuma a hankali yake yi, ba za ki ji ba.

To, abu na farko: ki tabbatar tsayawar gaskiya ce. Kwana goma ba tsayawa ba ne. Nauyin mutum yana iya hawa da sauka da kilo ɗaya ko biyu tsakanin yau da gobe saboda ruwa kawai. Miya mai yawan gishiri da magi tana riƙe ruwa, haka kwanakin da al'ada ta kusa, haka taurin ciki, haka ciwon jikin da ke biyo bayan sabon motsa jiki. Ki hau sikeli ɗaya, a kan siminti ba a kan darduma ba, da safe bayan kin zaga kafin ki sa komai a baki, sau uku a mako. Ki haɗa ukun ki raba uku, wannan shi ne nauyinki na makon. Sai kin ga mako huɗu a jere ba canji sannan ki ce ya tsaya.

Kuma kada ki bar wa sikeli shari'ar shi kaɗai. Ki nemi tef irin namu na teloli. Ki laluba ƙarshen haƙarƙarinki da saman ƙashin ƙugu, ki zagaya tef a tsakaninsu, ki saki numfashi, kada ki shanye ciki kada kuma ki matse. Na sha auna matan da ke rantsuwa ba su ragu ba, in buɗe littafin awo in nuna musu inci biyu ya fita daga ƙugunsu tun ɗinkin bara. Abin da ake so shi ne awon nan ya gaza rabin tsayinki. Ni tsayina inci 64 ne, don haka inda na nufa ƙasa da 32 ne. A lokacin ina kan 38, kuma tef ɗin ma ya tsaya. Tawa tsayawar ta gaske ce.

Daga nan sai aikin da ya fi kowanne nauyi, shi ne kuma ya fi amfani. Ki sayi ƙaramin littafi, mako biyu ki rubuta duk abin da ya shiga bakinki, a lokacin da ya shiga, ba sai dare ba. Kada ki canza komai tukuna. Awo kike yi.

Mu kan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan abinci dai, idona bai sani ba. Tun a 1992 an yi wani gwaji a birnin New York a kan mutanen da suka ce suna cin kaɗan amma ba sa raguwa, aka tarar abin da suke faɗa ya gaza abin da suke ci da kusan rabi. Ba ƙarya suke yi ba, mantuwa ce da kuskuren ido. Da na karanta littafina bayan mako biyu, na ga kaina a cikinsu.

Ga abin da na gani. Saboda sanyi, shayina ya tashi daga kofi ɗaya zuwa huɗu a rana, kowanne da madara da suga cokali biyu. Mai shayin bakin layi ya san hannuna, yarinyar shago tana zuwa zai haɗa. Akwai gyaɗar da nake ajiyewa a aljihun keke ina tsinta ina ɗinki, ƙulli biyu wani lokaci uku, alhali giram 100 na gyaɗa ya haura kalori 550. Akwai ɗanɗanon miya, da loma biyu daga kwanon autana don kada a zubar, da masa uku da wata mai kawo ɗinki ta zo mini da su ban iya cewa a'a ba. Ranar Asabar biki, Lahadi suna, kowanne da shinkafa da soyayyen nama da lemon da na ce na bari. Kwana biyar ina tarawa, kwana biyu ina zubarwa.

Sai mai. A nan ne na fi jin kunyar littafin. A gidanmu da gwangwanin madara muke auna man miya. Wata rana na ɗauki cokalin cin abinci na ƙirga cokali nawa ke cika gwangwanin, na samu goma. Kowane cokali na mai kusan kalori 120 ne, man gyaɗa ne ko manja ko man zaitun mai tsada, duk ɗaya ne a wannan lissafi, domin giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci ko furotin, wato abin gina jiki, kuwa 4. Gwangwani guda kalori 1,200 ke nan a tukunya ɗaya, ban da man da aka soya kifi da shi, ban da wanda nake yaryaɗawa a ɗanwake. Ni kuwa duk hankalina yana kan malmalar tuwo, ina ta rage ta har ta koma kamar ƙwai, ina ninƙaya da ita a cikin mai.

Idan kin gama awon, sannan ki yi yanka, kuma kaɗan. Kalori 200 zuwa 300 a rana ya isa ya tayar da abin da ya tsaya. Ki fara da abin da ba ya cika ciki, wato mai da abin sha. Ni na mayar da man miya rabin gwangwani, ba wanda ya lura a gidan sai da na faɗa. Maigida ma cewa ya yi, "Ai na ɗauka kukar ce aka canza." Shayi na bar shi biyu, sauran na koma ruwan zafi da citta da kanumfari ba suga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke ci a rana, gara ma ya tsaya wajen giram 25, wato ƙananan cokula shida. Robar lemo ta rabin lita ita kaɗai tana iya ɗaukar giram 50. Ki juya robar ki karanta. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi na sayarwa su ma ba su da nisa da haka, sai dai su ba a rubuta a jikinsu ba. Gyaɗa ban bar ta ba, na dai fitar da ita daga aljihun keke, ina ɗibar cikin tafin hannu ɗaya bayan azahar.

Na san za a ce miki ki koma cin acca. Kowa a Jos zai faɗa miki haka, kuma ina son acca. Amma hatsi ce kamar sauran, kalorinta bai yi nisa da na shinkafa ba, idan kin cika kwano da ita kin cika ne. Abin da ke sa gwaten acca ya taimaka shi ne ganyen da ke ciki da ruwan da ya sha: alayyahu, yakuwa, kabeji, gauta. Cikinki zai cika da abin da ba shi da nauyi. Mu da Allah ya ba Farin Gada ba mu da uzuri a nan. Da kuɗin lemo biyu za ki ɗauko kabeji da karas da koren wake na kwana biyu. Ni yanzu rabin farantina ganye ne, sauran rabin a raba tsakanin tuwo ko shinkafa da abin gina jiki.

Dankalin turawa ma an yi masa ƙazafi. A 1995 masu bincike a Jami'ar Sidni ta Ostareliya sun gwada abinci iri 38 don su ga wanne ya fi riƙe ciki, dafaffen dankali ne ya zo na ɗaya. Laifin na kasko ne. Da zarar an yanka shi siri-siri an tsoma a mai, kalorinsa ya ninka kusan sau uku. Ki dafa shi da ɓawonsa, ki ci da miyar ganye da ƙwai.

Kada ki rage abin gina jiki, ƙara shi ma za ki yi. Wannan ne kuskuren da na yi a makonnin yunwa. Mai rage ƙiba ba kitse kaɗai yake zubarwa ba, har da tsoka, kuma furotin ne yake taimakawa tsokar ta tsaya, shi ne kuma ya fi daɗewa a ciki. Ba sai kin sayi kaza kullum ba. Ƙwai ɗaya yana da furotin wajen giram 6. Akwai wake, alala, busasshen kifi, kindirmo ba suga, da awara idan an dafa ta cikin miya maimakon a soya. Ki tabbatar kowane cin abinci akwai ɗaya daga cikinsu, musamman na safe. Da na mayar da karin kumallona ƙwai biyu da ragowar wake a maimakon shayi da burodi, yunwar ƙarfe sha ɗaya da ke tura ni aiken masa ta ɗauke.

Yanzu motsi. Littafin ya tona mini wani abu da ban taɓa kawowa a rai ba. A watan Nuwamba na sa wa kekena mota saboda aikin Kirsimeti ya yi yawa, ƙafar da ke taka keke tun safe har yamma ta zauna. Sanyin asuba ya sa na koma hawa Keke Napep zuwa shago. Ga yara uku masu koyo, zare ma sai in ce a miƙo mini, guga su ne, sayen zip a Taminus su ne. Ban daina komai da gangan ba, amma motsina na yini ya ragu ƙwarai. Jikin da ke ramewa yana da wannan dabara, yana sa mutum son zama ba tare da ya sani ba. Sai na mayar da tafiyar safe, da rigar sanyi da safa, minti talatin tafiya, minti talatin dawowa. Na koma yin gugata da kaina a tsaye. Duk lokacin da aka kira salla, bayan na idar sai in zagaya layin sau ɗaya kafin in zauna.

Abin da ban taɓa yi ba sai a lokacin shi ne aikin ƙarfi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta ce babba yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, da kuma aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Kowa ya riƙe na farkon ya manta na biyun. Ba sai kin je gidan motsa jiki ba, ni a ɗakina nake yi bayan asuba, Talata da Asabar. In zauna a kujera in tashi ba tare da dafa komai ba, sau goma sha biyu. In dafa bango in tura jikina, sau goma sha biyu. In ɗauki jarkar ruwa mai lita biyar a kowane hannu, kilo biyar-biyar ke nan, in yi tafiya da su daga ƙofa zuwa taga, sannan in ɗaga ɗaya daga ƙasa zuwa ƙirji. In huta, in maimaita sau uku. Idan ya fara yi miki sauƙi sai ki ƙara yawa ko nauyi, don tsoka ba ta ƙaruwa da abin da ta saba. A makon farko sikeli yana iya hawa kaɗan saboda ruwan da tsoka ke riƙewa, kada ya tsorata ki. Mai ciwon gwiwa ko baya ta fara tambayar likita.

Barci kuwa, mu teloli mun san halinmu idan Sallah ko Kirsimeti ta matso. Nakan kai ƙarfe ɗaya na dare a kan keke in tashi ƙarfe biyar. Wanda bai yi barci ba yunwarsa tana ƙaruwa, kuma zaƙi da maiƙo yake nema. Babba yana buƙatar awa bakwai. Na rage karɓar ɗinkin gaggawa, na yi asarar wasu kuɗi, ban yi da-na-sani ba.

Akwai abin da nake roƙon ki da Allah ki guje masa: shayin rage tumbi. Na saya a wurin wata mai talla a waya, na sha kwana shida. Kilo biyu ya sauka, na kwana ina zarya bayan gida, jiri ya kusa kayar da ni a kan tebur ɗin yanka. Da na daina, cikin kwana huɗu kilo biyun ya dawo, domin ruwa ne ya fita ba kitse ba. Da yawa daga irin waɗannan shayi filasko ne a ciki ko wani abin sa fitsari. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda tana iya jawo wa kanta babbar matsala. Haka kuma zama da yunwa. Cin ƙasa da kalori 1,200 a rana ba abin da mace za ta yi da kanta ba ne ba tare da likita ba. Azumin Litinin da Alhamis ibada ne, ki yi shi don Allah, sai dai ki sa ido a kan buɗe-baki, don kunu da ƙosai da soyayyen dankali suna iya mayar da abin da yinin ya ɗauke har da riba.

Idan kin yi duk wannan da gaskiya wata biyu ba abin da ya motsa, ko kuma kina jin kasala mai yawa, da jin sanyi fiye da kowa, da zubar gashi, ko al'adarki ta rikice gashi yana fito miki a haɓa, to ki je asibiti a duba tayirod, wato ƙwayar da ke maƙogwaro, da suga da sauransu. Ki tafi da duk maganin da kike sha. Magungunan sitiroyid, da insulin, da wasu na damuwa da na farfaɗiya, da allurar tazarar haihuwa ta wata uku a wurin wasu mata, suna iya ƙara nauyi. Kada ki daina ko ɗaya da kanki, likita ne zai duba ko akwai madadi. Mai ciwon suga da ke shan magani, da mai ciki, da mai shayarwa, kada su rage abinci sai da shawararsa. Ni an duba ni ba a sami komai ba, kuma a ranar ce likitan ya nuna mini cewa kilo taran da nake rainawa ya kusa kashi 10 cikin 100 na nauyina na farko, kuma kashi 5 zuwa 10 ma ya isa ya taimaka wa hawan jini da suga. Awon jinina ya sauka. Gwiwar ta daina damuna a salla tun ban lura ba.

Sikeli bai motsa ba sai a mako na uku bayan gyaran. Tef ne ya riga shi da rabin inci. Daga nan ya riƙa sauka a hankali, wani makon rabin kilo, wani makon ba komai, ba irin gudun farko ba. Zuwa ƙarshen Mayu ina kilo 82, ƙugu inci 35, na rage wa rigunana shida da hannuna.

Yanzu haka ya sake tsayawa, mako na biyar ke nan. Wannan karon na ba kaina mako biyu ina cin abin da zai riƙe ni a inda nake, ba ragi ba ƙari, saboda na gaji da lissafi kuma ga bikin 'yar yayata a gaba. Ranar Litinin bayan biki zan buɗe sabon shafi a littafin. Tun yanzu ina zargin furar da nake sha da la'asar tun da zafi ya shigo, amma ba zan taɓa ta ba sai na rubuta mako biyu na gani.